Idan aka ce a tashi saboda ambaliya, ina za a kai bindigar gida?

Yau ina so mu taɓa wata magana da ba a saba yi a shafin lafiya da iyali ba, wato maganar ambaliya da 'yan sanda da bindiga. Kafin ka ce ba ta shafe ka ba, yi wa kanka wannan tambaya. A ce ƙarfe biyun dare ana tsuga ruwa, sai ga 'yan sanda da ma'aikatan agaji sun buga maka ƙofa, suka ce rafi ya cika, kowa ya fita yanzu. Za ka fita? In za ka fita, wa za ka bar wa shagonka da awakinka da buhunan masararka? In kuma akwai bindigar toka a bayan ƙyaure ko a ƙarƙashin gado, ta gado ce ko ta farauta ko ta aikin banga, da ita za ka fita, ko a ɗaki za ka bar ta, ko kuwa miƙa ta za ka yi ga ɗan sandan da ke tsaye a ƙofarka? Mintunan da magidanci zai ɓata yana wannan lissafi a tsakar dare suna iya zama su ne mintunan da iyalinsa ke bukata su kai tudu.

Mu mutanen Suleja ba a ba mu labarin ruwa. Garinmu yana zaune ne tsakanin duwatsu da kwazazzabai, ga Kogin Iku da ƙananan rafuka da ke ratsa unguwanni, ga gidaje da aka yi ta ginawa har bakin magudanan ruwa tun da Abuja ta cika ta tumbatso mana da jama'a. A watan Yulin 2017 an kwana ana ruwa, gari ya waye da makoki a Checheniya da Kuspa da Hayin Nasarawa, har zuwa Bakin Iku. A Checheniya akwai magidancin da ruwa ya tafi da kusan duk iyalinsa a dare ɗaya. A 2020 ma ruwan ya dawo ya sake cin rayuka. Sannan ga abin da ya faru a Mokwa da asubahin 29 ga Mayun 2025, inda a 'yan kwanakin farko kaɗai aka ƙirga gawarwaki fiye da 150, mafi yawa daga Tiffin Maza da Unguwar Hausawa.

Irin wannan ruwa ba ya ba da lokaci. Masana sun auna cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ya ɗan ɗara idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Mai zurfin santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, in ya kai 60 kuwa yawancin motoci ba sa tsira. To ina ga mace mai goyo, ko tsoho mai sanda, ko yaro ɗan shekara biyar, a cikin duhu?

Duk da haka, duk lokacin da Hukumar NEMA ko takwararta ta Jihar Neja, wato NSEMA, suka yi shelar a tashi daga bakin ruwa, sai ka ji an ce mutane sun ƙi. Masu magana a rediyo sukan kira abin taurin kai ko jahilci. Ni dai abin da na gani a cikin dangina da maƙwabtana ya fi kama da tsoro, kuma tsoron ɓarawo ne.

Ina da kawu, manomi ne kuma maharbi, gidansa na kusa da wani rafi a bayan gari. Wata damina ruwa ya kawo har dokin ƙofa, muka je da mota muka kwashe mata da ƙananan yara. Shi kuwa ya shimfiɗa buzu a kan wani benci a zaure, ya ɗora bindigarsa a cinya. Na ce, "Kawu, don Allah ka taso mu tafi, ruwan nan ƙaruwa yake yi." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ruwa yakan zo ya wuce. Ɓarawo in ya ɗauka ba ya dawo da shi. Noman shekara ne a rumbun nan." Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba shi kaɗai ya zauna ba. Ɗansa mai shekara goma sha biyar ya ce ba zai tafi ya bar Baba ba, uwar yaron kuma ta sauko daga mota ta ce ba za ta tafi ta bar ɗanta ba. Bindiga ɗaya ta riƙe mutum uku a cikin ruwa. Bai tashi ba sai da mai unguwa ya zo da kansa, ya nuna masa 'yan banga huɗu da za su kwana a kan tudun da ke kallon layin da fitilu, ya ce, "Malam, gidanka yana wuyana har gari ya waye." Nan take ya miƙe. Ba wanda ya yi masa wa'azi a kan hatsarin ruwa, ya fi mu sanin wannan. Mai gadi kawai yake nema.

Kuma ba za a ce tsoron nasa ba shi da tushe ba. A daren 24 ga Afrilun 2024 ruwa da iska sun rushe katangar tsohon gidan yarin Suleja, fursunoni fiye da 100 suka tsere. A Maiduguri ma, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumbar 2024, fiye da fursunoni 270 ne suka fice bayan ruwa ya ci bangon gidan yarin. A jihar da mutanen Shiroro da Munya da Rafi suka shafe shekaru suna fama da 'yan bindiga, wanda ya ce wa magidanci ya bar gida a buɗe ya tafi, dole ya gaya masa wanda zai tsare gidan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ranar ambaliya kowane bango a tsage yake.

Wurin da aka fi yin wannan taƙaddama a duniya shi ne birnin New Orleans na Amurka. A ranar 29 ga Agustan 2005 guguwar Katrina ta faɗa wa yankin, shingayen da ke tare ruwa suka karye, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, mutum fiye da 1,300 suka mutu. Magajin gari Ray Nagin ya ba da umarnin kowa ya fita dole. Labaran sata da harbe-harbe suka cika gari, waɗanda daga baya aka gano an zuzuta da yawa daga cikinsu. A farkon Satumba sai shugaban 'yan sandan birnin, Eddie Compass, ya sanar cewa jami'an tsaro ne kaɗai za a bari su riƙe makami. Aka shiga gida-gida, aka tare mutane a kan hanya da cikin kwale-kwale ana karɓe bindigogi, har da na waɗanda suka mallake su bisa doka, ba tare da takardar kotu ba, sau da yawa kuma ba tare da an ba mai ita ko guntun rasit ba.

Ƙungiyoyin masu bindiga biyu suka kai ƙara, kuma kafin watan ya ƙare wani alƙalin kotun tarayya ya ba da umarnin a dakatar da ƙwacen. A 2006 Majalisar Amurka ta yi doka da ta hana jami'an tarayya, da duk wata hukuma da ke karɓar kuɗin tarayya, ƙwace halastacciyar bindiga don kawai ana cikin bala'i. Amma dokar ta bar ƙofa ɗaya: mai ceto yana da ikon cewa sai ka miƙa bindigarka na ɗan lokaci kafin ka hau motar ceto ko jirginsa, a mayar maka bayan an sauka. Shari'ar da kanta ba ta ƙare ba sai a 2008, lokacin da birnin ya amince ya mayar da bindigogin ba tare da ya matsa wa mutane sai sun kawo rasit ɗin saye ba. Kafin nan tsatsa ta cinye da yawa daga cikinsu a ma'ajiya.

Abin da na ɗauka daga wannan labari biyu ne. Na farko, jami'in da aka tura ceto in ya koma mai farautar makamai, mutane za su riƙa ɓuya daga gare shi, su ɓuya da iyalinsu. Na biyu, hatta a ƙasar da ta fi kowace ƙaunar bindiga, an yarda cewa motar ceto ba wurin riƙe makami ba ce.

Sai dai kada ka ɗauko dokar Amurka ka kawo Suleja, mai karatu. A can mallakar bindiga haƙƙi ne da ke rubuce a kundin tsarin mulki. A Najeriya izini ne da hukuma ke bayarwa, kuma tana iya janyewa. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin su bindigogin yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Akwai na amfanin kai, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu ta farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai kuma na ɗuri, irin bindigar toka da muke kira adaka ko harba-ka-ruga, waɗanda sha'aninsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka taɓa samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Ta kuma ce in mai lasisi ya rasu, magajinsa ba zai ci gaba da riƙe bindigar ba fiye da kwana 14 sai ya daidaita da hukuma. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa bindigogin gado da yawa da ke rataye a ɗakunanmu ba su da gindin zama a gaban doka, ko da kuwa kaka ya riƙe ta da lasisi. Wata dokar kuma, ta fashi da makami, ta tanadi hukuncin biyan tara ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ga wanda aka kama da bindiga ba izini. A Fabrairun 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin tattara haramtattun makamai a duk jihohi, a Agustan 2023 kuma Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi.

Ke nan ɗan sandan da ya ga bindiga marar lasisi a hannunka ranar ambaliya ba ya bukatar wata sabuwar doka kafin ya karɓe ta. Amma ambaliya ba ta wanke haƙƙinka ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gidanka, Sashe na 44 ya kare dukiyarka daga ƙwace ba bisa ƙa'ida ba. Gaskiya ne Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wasu haƙƙoƙi saboda tsaron jama'a ko lafiyarsu, Sashe na 305 kuma ya sanya bala'i irin na ambaliya cikin dalilan da Shugaban Ƙasa zai iya ayyana dokar ta-ɓaci, amma duka biyun ta hanyar rubutacciyar doka ake bin su, ba da ra'ayin jami'in da ke bakin ƙofa ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce jami'in da zai bincike ka ya gaya maka sunansa da ofishinsa da abin da yake nema da dalilinsa. Ta ce shigar mutum ko askinsa ba hujjar zargi ba ce. Mace kuma mace ce ke bincikenta. Wanda aka kama, a rubuta duk abin da aka karɓa daga hannunsa. Don haka in an karɓi bindigarka mai lasisi, ka miƙa ba tare da ja-in-ja ba, sannan cikin ladabi ka nemi takarda mai ɗauke da sunan jami'in da lambarsa da lambar bindigar da kwanan wata. In an hana ka, ka riƙe sunan ofishin, ka sa mai unguwa ya zama shaida, bayan ruwa ya janye ka je wurin DPO, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Tsakar dare a cikin ruwa, da makami a hannu, ba lokacin gardama da mai kaki ba ne.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na kawo maganar wannan shafi. Ka taɓa shiga sansanin waɗanda ambaliya ta kora? Galibi makarantar firamare ce. Aji ɗaya, iyalai biyar ko shida, tabarma na gogar tabarma, yara na tsalle a kan ƙunshin kaya, ba kabad, ba ƙofar da ke kulluwa. Bindigar toka kuwa yawanci a ɗure ake ajiye ta, don ɗurin yana ɗaukar lokaci. Ka haɗa ɗurarriyar bindiga da aka naɗe cikin tabarma da yara talatin da ba su da abin yi tun safe har dare. Ka ƙara da manya da suka kwana uku ba barci, suna rigima a kan layin abinci da ruwa da banɗaki. Ka ƙara da magidancin da ya rasa gida da jari, wataƙila har da ɗa, yana zaune shiru ba ya ci ba ya magana. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa ƙuncin rai yana ƙaruwa bayan bala'i, kuma tunanin halaka kai yakan zo ne ya wuce cikin ɗan lokaci. In ba makami kusa, mutum yakan tsallake wannan lokaci. In yana ƙarƙashin matashi, ba a samun damar yin nadama. Muna yawan gargaɗi a kan kwalara da zazzaɓin cizon sauro a sansani, kuma ya dace, amma wannan ma hatsari ne ga lafiya.

Ita kanta bindigar da ruwa ya taɓa abar tsoro ce. Albarushin da ya jiƙe yana iya ƙin tashi a lokacin da aka danna, ya tashi bayan 'yan daƙiƙoƙi, daidai lokacin da mai ita ya juyo da bakinta yana dubawa. Laka in ta toshe bututun, harbi ɗaya na iya fasa ƙarfen a hannun mutum ya tafi da yatsu ko ido. Kada a shanya albarushi kusa da murhu ko risho, kada a leƙa bakin bindiga, kada a bar yaro ya wanke ta. Wanda ya koma gida ya tsinci bindiga ko harsashi da ruwa ya kawo, kada ya ɗauka, ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda. Mai lasisin da ruwa ya tafi da tasa shi ma doka ta ɗora masa ya kai rahoto, domin in wani ya tsince ta ya yi ɓarna, sunansa ne a takarda.

Ra'ayina a taƙaice shi ne bindiga ba ta da wuri a motar ceto ko a sansani, kuma ina goyon bayan a karɓe ta a bakin ƙofa. Amma wanda ya karɓi makamin mutum ya ɗauki nauyin tsaron gidansa. Ina roƙon rundunar 'yan sandan Jihar Neja da Masarautar Suleja da shugabannin ƙananan hukumomin Suleja da Tafa da Gurara su zauna tun kafin ruwa ya kankama, su tsara abu uku. A ware wurin ajiya da littafin rajista, inda mai lasisi zai miƙa bindigarsa ya karɓi rasit, ya dawo ya karɓi abarsa ba tare da ya ba kowa ko sisi ba. A fito fili a gaya wa jama'a cewa ranar ceto ta ceto ce, ba za a mayar da ita ranar samame ba, a kuma buɗe wata hanya daban da mai bindigar gado zai miƙa ta hannun mai unguwa ko hakimi cikin rufin asiri. Sannan duk unguwar da aka kwashe a sa mata sintiri na 'yan sanda da Sibil Difens da 'yan bangan da aka sani da suna, a gaya wa mutane su waye za su kwana a layinsu. Ba kuɗi mai yawa wannan ke ci ba, kuma ya fi kwale-kwale goma saurin fitar da mutane daga gida.

Kai kuma maigida, naka aikin ba sai hukuma ta motsa ba. In gidanka na bakin rafi ne, tun yanzu ka nemi ɗan'uwa a kan tudu da za ka kai wa hatsi da dabbobi da kayan shago da zarar NiMet ko Hukumar NIHSA sun yi gargaɗi, domin abin da ba ya cikin gida ba ya bukatar gadi. Ka haɗa lasisi da takardun fili da katin asibiti da magungunan masu hawan jini da ciwon suga a leda ɗaya mai ɗaurewa. In kana da bindiga bisa doka, ka ajiye ta ba ɗuri, a kulle, albarushi da harsashi a wani wurin daban, ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa ka tambayi yadda ake ba da ajiya tun ana zaune lafiya. In kuwa ta gado ce da ba takarda, ka yi shawara da mai unguwa a wannan makon. Ka sa lambar 112 da ta mai unguwa a wayar kowa a gidan.

Uwargida, ke ma kina da magana a nan, don ke ce za ki goya ɗaya ki riƙe hannun biyu a cikin duhu. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance ki tambaye shi: Baban yara, in ruwa ya zo, ina za mu nufa, wa zai ɗauki Inna, ita kuma wannan abar da ke bayan ƙyaure ina za a kai ta? Ki nemi ya yi miki alkawari ɗaya a gaban manyan 'ya'yansa, cewa in an ce a tashi, da shi za a tashi. Yaro namiji ba ya barin ubansa a cikin ruwa, ke kuma ba za ki bar yaron ba.

Hausawa sun ce in da rai da rabo. Rumbu ana sake cika shi, akuya tana sake haihuwa, bindiga ma ƙarfe ce da itace, maƙeri ne ya yi ta. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu.